Hancin Maigidana da Baƙin Filta

Shekarun da aka kwaso gwamnati daga Legas aka juye ta a Abuja, ni ma cikin kayan aka kwaso ni. Tafireta nake bugawa a wata ma'aikata, kuma babu wanda ya tambaye ni ko ina son tahowa. Aka loda fayiloli a tirela, aka loda mu a bas, muka iso muka tarar da ofisoshi manya-manya masu warin sabon siminti, babu tebur babu kujera. Kwanakin farko a bakin taga nake ɗora tafireta ina bugawa a tsaye, manyanmu kuwa suna ta zagaye da takardu a hammata, kowa yana tambayar ɗan'uwansa ko ya ga ofishinsa.

Wannan rashin tebur shi ya ciyar da gidana. Maigidana mai feshin fenti ne, mutumin Zariya kamar ni, kuma biyo ni ya yi ba don garin ya burge shi ba. Bai daɗe yana zaman banza ba wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aiki a Durumi, inda muka kama ɗaki mu da yaranmu. Wurin aikin doguwar rumfar kwano ce. Kafintoci suna gaba suna yankan katako, shi kuwa yana can ƙurya, an kewaye shi da buhuna da leda don kada garin katako ya hau ɗanyen fenti. Sun tare ƙura da kyau, sun haɗa da iska sun tare. A cikin wannan akurki yake wuni da bindigar feshi a hannu, yana mayar da katakon banza teburin darakta.

Na fi kowa sanin irin aikin da aka yi a rumfar kowace rana, don ni ke wanke hankicinsa. In ruwan toka na gani, kabad ɗin ƙarfe aka fesa. In ja ne mai duhu, teburan manya ne. Da farko abin dariya muka ɗauke shi, har nakan tare shi a ƙofa in ce ya fyace hanci mu ga wace ma'aikata ce ta samu kujeru yau. Sai tari ya zo, busasshen nan da ba ya fitar da komai. Sai ciwon kai da yamma. Sai ya fara tsayawa a tsakiyar ɗan hawan da ke tsakanin titi da gidanmu, ya riƙe ƙugu kamar mai kallon gari, alhali numfashi yake nema. Nan dariya ta ƙare mini. Tsoro na ji, kuma ni in tsoro ya kama ni masifa nake yi.

Maganin da aka yarda da shi a rumfar shi ne madarar gwangwani. Kullum in an tashi, ogansu ɗan kwangilar zai sa a sayo wa mai feshi gwangwani guda, a huda da ƙusa, a shanye a tsaye. Wai madara tana wanke fentin da ya shiga ƙirji. Manyan mutane, masu gemu da iyali, suka zauna suka yarda cewa abin da ya bi maƙogwaro ya faɗa tumbi zai yi kwana ya je ya wanke huhu. Na tambayi maigidana ko ya taɓa ganin wanda ya wanke ɗakinsa ta hanyar watsa ruwa a ɗakin maƙwabta. Ya ce ni dai ba na rasa abin faɗi. Ogan kuwa in yana miƙa madarar nan har wani ɗaga kai yake yi, sai ka rantse asibiti ya gina wa ma'aikatansa. Shi kansa bai taɓa wuce buhunan nan ya shiga ƙuryar ba, daga bakin rumfa yake ba da umarni.

Dole in yi maganar hancin maigidana, don shi ne jarinsa kuma shi ne abin alfaharinsa. A lokacin, tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ba ta da amana a garin nan. Kowa yana sauri, kowa ɗan kwangila ne, masu sayarwa sai su ƙara mata fetur ko kananzir su rufe galan kamar ba a taɓa ba. In aka yi feshi da irinta, tebur zai bushe da dabbare-dabbaren fari, a dawo da shi da zagi. Maigidana kuwa murfin galan kawai zai buɗe, ya kai hanci, ya ce akwai kananzir, a mayar wa mai ita. In yana haɗa fenti ma ba ya awo, hanci ke gaya masa ya isa. Har daga wasu rumfunan ake ɗauko galan a kawo masa ya sunsuna. Yakan dawo gida yana ba ni labari da murmushi, ni kuwa in zuba wa mutumin da ake yabo don ya iya shaƙar guba ido, in rasa ta inda zan fara.

Wata safiya a bas, a hanyar sakatariya, na hango ma'aikatan wani kamfanin gine-gine suna fesa wa ƙarafunan gada fenti. Kowannensu fuskarsa rufe take da wani abu na roba, da 'yan gwangwanaye biyu a kumatu. A fili suke, iska tana kaɗawa ta ko'ina, amma an rufe musu fuska. Nawa kuwa yana cikin buhuna da madara. Ran Asabar na shiga tasi kore da fari na nufi Kasuwar Wuse.

Na sha yawo kafin a nuna mini shagon wani Bakano mai sayar da hular kwano, da takalman roba, da kwaɗo, da fulas ɗin shayi, da duk abin da ya faɗo daga mota. Na kwatanta masa abin da na gani da hannuwana biyu a kumatu.

"Takunkumi kike nufi, Hajiya," in ji shi.

Kalmar ta sosa mini rai, don a gidanmu jaki ake sa wa takunkumi kada ya ci hatsin mutane. Amma ba ni da wata kalmar da zan ba shi, sai na ce shi ne. Ya jawo fuskar roba daga ƙarƙashin tebur ya kaɗe ta a cinya, ya turo mini kwali cike da gwangwanayen, waɗanda ya ce sunansu filta. Akwai farare, akwai baƙaƙe, duk a zube.

"Alhaji, mene ne bambancin farin da baƙin?"

"Kala ce kawai, Hajiya. Kamar atamfa, kowa da wadda ta kwanta masa."

"Ka tabbata? Na mai feshin fenti nake nema."

"Ai shi ne wannan. Masu fenti, masu walda, masu feshin sauro, duk nan suke zuwa. Ni da nake sana'ar nan tun ana sharar dajin garin nan?"

Garin gaba ɗaya a lokacin bai kai shekarun 'yar farina ba a wurin yawancinmu, amma kowa ka taɓa tun ana sharar daji yake nan. Na ɗauki farare, don sun yi kama da kayan asibiti, baƙaƙen kuwa kamar an riga an yi aiki da su. Ya ɗaure mini a leda yana sa mini albarka, wai irina ake nema a mata.

Na shirya wa faɗa a gida, sai ban samu ba. Maigidana ya juya abin a hannu, ya gwada, yara suka yi ta dariya, ya tafi da shi ran Litinin. Na ji labarin kafintoci sun yi masa ba'a, suna tambaya ko Madam ta haɗo da akala. Waɗannan su ne mutanen da garin katako ya mayar wa gira fari fat, suna tari kamar tumakin da suka sha ruwan sama, amma su ne masu bakin yi wa wani dariya. Bai kula su ba. Da yamma ya dawo fuskarsa a sake.

"Uwargida, abin nan naki yana da hankali," ya ce. "Yana tare fenti, amma bai taɓa mini hanci ba. Komai ina ji, kamar ban sa komai ba."

Daɗi ya kama ni. Hankici ma ya fara dawowa da haskensa, kalar ta ragu sosai. Ogan da ya ga haka sai ya dakatar da madara, ya ce ai yanzu an samu na zamani. Wannan ne kaɗai sauyin da ya taɓa yi wa rumfar cikin gaggawa. Amma tarin yana nan, ciwon kan yamma yana nan, tsayawa a tsakiyar hawa tana nan. Na ce wa kaina tsohon fenti ne yake fita a hankali.

Wata Lahadi da rana na wanke robar takunkumin, ta bushe, na ɗaura filtocin, sai na ce bari in sa in tsorata yara. Ina ɗaura shi a fuska, ƙamshin daddawar maƙwabciyata ya shigo mini kamar a cikin tukunyarta nake. Na tsaya. Na shiga ɗaki na ɗauko 'yar kwalbar farin ruwan da muke shafe kuskure da shi a ofis, mai warin da ke hawa kai, na buɗe a gaban takunkumin. Warin ya shigo bai ko yi sallama ba. Abin da daddawa ta ratsa, me zai tare? Na ɗauko wuƙa na farke filta guda. Farar takarda ce a ciki, an nannaɗe ta lanƙwasa-lanƙwasa, ta yi ja da fenti daga waje. Ɗigon fentin take kamawa, iskar tinar kuwa wucewa take abinta.

Na koma Wuse da takunkumin da farkakken filtan a jaka, na ajiye wa Alhajin a kan tebur.

"Hajiya, ni na zaɓa miki? Ke kika ce fari."

"Kai ka ce kala ce kawai."

"To ba kala ba ce? Ga fari ga baƙi. In baƙin kike so, ga shi nan, ɗauki."

Ko kunya babu a idonsa. Mutum ya sayar maka da abin da bai san cikinsa ba, da rantsuwa da albarka, in ka dawo ya nuna maka kai ne ba ka iya saye ba. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa, har masu shagunan kusa suka leƙo. Ɗaya daga cikinsu, bayan ya gama jin daɗin kallon, ya ce in kayan ma'aikata na gaskiya nake so in tafi Idu, can masu masana'antu suke saye.

Idu a lokacin ba wurin zuwan mace da takalmin ofis ba ne. Bas ya sauke ni a bakin titi, na taka tsakanin dogayen katangu da manyan motoci, ina tambaya ana nuna mini gaba. A ƙarshe na samu wani sito mai sayar da kayan kariya. Mai kula da shi wata mata ce 'yar Filato, da gicciye a wuya, tana Hausar garin nan wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Na zazzage mata jakata.

"Madam, wannan farin na dust ne," ta ce. "Na kafinta. Yana kama garin katako, ba ya kama smell. Mijinka fenti yake yi ko?"

Na ce fenti, a cikin buhuna. Ta girgiza kai, ta shiga ciki ta fito da wani tsohon baƙin filta da aka riga aka fasa, ta zazzage shi a tafin hannuna. Wasu 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe.

"Gawayi?" na ce. "Irin na girki?"

"Danginsa ne, amma an gyara shi. Shi yake shan iskan tina kafin ya kai ciki. In ya cika ya cika, ba a wankewa, ba a shanyawa a rana. Ranar da mijinka ya fara jin smell ta ciki, ki jefar ki sa sabo. In ya tashi aiki kuma a kulle shi a leda, don ko a ajiye yake yana shan iska."

Na tuna baƙaƙen Alhajin Wuse da ke zube a kwali babu sutura, suna shan hayaƙin kasuwa tun ranar da aka sauke su, na gode wa Allah da zuciya ta hana ni ɗauka. Matar ta nuna mini wani siririn farin faifai da ake ɗorawa a saman baƙin, don ya kama ɗigon fenti kada ya toshe gawayin. Muka gwada ɗaura baƙin a kan takunkumin Wuse, bakinsu bai zo ɗaya ba, kowane kamfani da irin nasa. Sai an sake fuskar robar gaba ɗaya, kuma ita ma girma-girma ce. Ta tambaye ni fuskarsa doguwa ce ko mai faɗi. Na tsaya a sito a Idu ina auna fuskar mijina a iska da tafin hannu a gaban baƙuwa, muka yi dariya mu biyu, muka tsaya a kan matsakaiciya.

"Yana da gemu?"

"Yana da shi."

"To akwai magana. Roba ba ya zama a kan gashi. Iska zai bi ta gefe, kin yi aikin banza."

Wannan ne faɗan da na tabbata zan sha, kuma shi ma ban samu ba. Na yi masa bayani, washegari ya je wurin mai aski. Aka kwashe saje, aka bar masa na haɓa daidai yadda zai shige cikin robar. Ya dawo kumatunsa fayau kamar na saurayi, ƙaramar 'yarmu ta ƙi zuwa wurinsa. Na ɗaura masa sabon takunkumin, na ja maɗauran, na sa ya toshe filtocin da tafukan hannu ya ja numfashi yadda matar ta koya mini. Robar ta manne a fuskarsa, babu inda iska ta shiga. Sai na buɗe 'yar kwalbar ofis a gabansa.

"Malam, me ka ji?"

"Ba komai," muryarsa ta fito daga cikin roba.

Na kusa yin guɗa. Amma idanunsa da ke saman robar ba na mai murna ba ne. Ya karɓi kwalbar da kansa, ya kai ta dab da filta, ya ja, ya sake ja.

"Ba komai fa," ya ce.

Daga ranar ƙorafi ya fara. Wai abin ya makantar da shi. Wai yana riƙe da bindiga amma kamar hannun wani ne, bai san ko haɗin ya yi kauri ko ya tsinke ba sai ya gani a jikin katako, lokacin kuwa an makara. Na ce ya sunsuna galan sau ɗaya a waje, sannan ya ɗaura abinsa ya shiga. Ya ce ba haka aikin yake ba, haɗi yana sauyawa da zafin rana, hanci wuni yake yana aiki. Ana cikin haka aka dawo da wasu tebura da suka yi dabbare-dabbare. Ogan ya tsaya a bakin rumfa yana faɗa wa duk mai kunne cewa Madam ta lalata masa mai feshi. Tinar da ya sayo a arha a bayan mota ba ta da laifi, matar da ta hana mijinta shaƙarta ce mai laifi. A makonnin nan kuwa ciwon kan yamma ya ɗauke, ya ci tuwo da yawa, ya hau hawan gidanmu bai tsaya ba. Na nuna masa. Ya ce ya gani.

Sai ƙorafin ya mutu. Kullum da safe ya ɗauki ledarsa a ɗaure, da yamma ya dawo da ita a ɗaure, baƙaƙen filtoci a jikin robar. Nakan tambaye shi ko wari ya fara ratsawa, a sake sabo. Sai ya ce da saura. Na riƙa yabon kayan Idu a ofis, ina cewa ga abu mai ƙarko. Ciwon kan ya dawo, tarin ya ƙaru, ya ce aiki ne ya yi yawa, wata sabuwar ma'aikata ce ta iso daga Legas da ma'aikatanta a tsaye. Na yarda, don ina ganin ledar da idona.

Wata rana aka tashe mu da wuri a ofis, sai na ce bari in biya ta rumfar mu taho tare. Kafintoci suka gan ni, gaisuwarsu ta yi yawa, har da masu tashi tsaye. Na wuce su na ɗaga buhu. Yana ciki, hazon fenti ya cika wurin, tsohon takunkumin Wuse ɗaure a fuskarsa tsaf, da fararen filtoci. Har sabon fari ya je ya sayo ya maye wanda na farke. Na Idu kuwa yana rataye a ƙusa a bayansa, a buɗe, gawayin yana shan tinar da aka sayo shi ya sha, babu kowa a cikinsa. In an tashi sai ya sauke shi ya ɗaure a leda ya kawo mini.

Ya kashe injin. Bai yi ƙarya ba, wannan kam na shaide shi. Muka fito bayan rumfa inda ba mai ji, ko da yake na san duk kunnuwan rumfar suna jikin kwano.

"Malam, ni ka mayar yarinya?"

"Ba haka ba ne, Uwargida."

"To yaya ne? Ka aske sajenka, ka ɗauki leda safe da yamma, duk don ka rufe mini baki?"

"Masu feshi sun cika garin nan," ya ce. "Kullum mota tana sauke wasu, yara masu ƙarfi. Abin da nake da shi wanda ba su da shi hancin nan ne. In na toshe shi, ni da su ɗaya, kuma sun fi ni ƙirji."

"Sun fi ka ƙirji don ba su daɗe a cikin buhu ba."

"Na sani."

Wannan "na sani" ta fi komai ƙona mini rai. Da jahilci ne da na ci gaba da bayani har ya gane. Ya sani sarai, ya auna, ya zaɓi hanci a kan huhu, ya zaɓi yabon kafintoci a kan ni da yara. Na gaya masa haka, na ƙara da cewa ranar da ya faɗi ogan nan ko gaisuwa ba zai zo ba, wani zai ɗauka kafin la'asar. Ya ce Allah ya kyauta. Muka hau hawan gida, ya tsaya a tsakiya, ban jira shi ba.

Duk da haka na sake komawa Idu na sayo sababbin baƙaƙe, tunda na ƙusa sun gama shan abin da za su sha. Na ajiye su a kan kabad a cikin ledarsu ta kamfani, kusa da robar Idu da ya bari a gida, inda zai gan su kullum. Ban sake roƙonsa ba, shi ma bai sake ɗaukar ledar ƙarya ba. Damina ta shigo ta fita suna nan a wurin, ina goge musu ƙura in na zo shara.

Wata Asabar na ɗora wake a risho a bakin ƙofa, na ce masa ya sa ido, na shiga wurin maƙwabciya karɓo ɗinki. Hira ta ja. Ƙauri ne ya fito da mu, ya cika gidan har mutanen ɗakunan baya suna leƙowa suna tambayar tukunyar wa ce. Na iso da gudu. Yana zaune a kan tabarma, bayansa dab da rishon, yana warware bindigar feshinsa yana goge ta hankali kwance. Na sauke tukunyar na fara masifa, na ce ko wake ma sai an ɗauko masa ɗan kwangila kafin ya duba. Ya juyo ya kalli hayaƙin, ya kalle ni. Sai ya jawo tukunyar da tsumma, ya sunkuya a kan baƙin waken da ya kama, ya ja numfashi. Ya daɗe a sunkuye. Sai na gane ko ƙaurin bai ji ba.

Likita ya ce jin wari in ya ɗauke haka yakan dawo, yakan kuma ƙi. Ya hana shi shiga fenti na ɗan lokaci, ya rubuta maganin ƙirji. Maigidana ya sha maganin, ya koma aiki kafin lokacin ya cika, don teburan gwamnati ba sa jira. A rumfa bai gaya wa kowa ba. Aka ci gaba da kawo masa galan, yana kai hanci yana yanke hukunci da ka, wani lokaci ya dace.

Wata safiya ina shirin ofis, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Oga ya kawo sabon galan jiya. Babban aiki ne. Sunsuna mini, ko akwai kananzir."

Duk shekarun nan ina wanke hankici, ina jin warin a rigarsa, ban taɓa kai hancina bakin kwalbar tina ba. Na buɗe na shaƙa. Abin ya doke ni har ƙeya, maƙogwarona ya rufe, idanuna suka kawo ruwa, na dafa bango. Shaƙa ɗaya ke nan. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, na kasa raba su. Can ƙarƙashin zafin kuwa ga warin da kowace mace mai risho ta sani.

"Akwai," na ce. "Da yawa ma."

Ya gyaɗa kai, ya rufe kwalbar ya mayar aljihu. Sannan ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da ledar kamfanin, ya yage ta da haƙori, ya ɗaura baƙaƙen filtocin a jikin robar Idu ɗaya bayan ɗaya, yana murzawa har suka zauna.

"Ta yaya zan san sun cika," ya ce, "tunda ba zan ji ba?"